Tsohuwar da Ban Gane Maganarta Ba

"Ɗauka ni tsohuwa ce a gadon asibiti," in ji malamar da ke koya mini Jamusanci ta waya. Sai ta fara magana da sauri, tana nishi.

Ina zaune a ƙofar gidanmu a Gwarzo. Kalma biyu kawai na kama.

Ma'aikacin jinya ne ni, aiki nake nema a Jamus. Wata bakwai ina haddace kalmomi yadda Baba ya koya mana a makarantar allo: a rubuta, a biya, a wanke.

Na ce, "Malama, me tsohuwar ta ce?"

"Cewa ta yi numfashi yana gagararta, kai kuma sai 'to, to' kake yi. Jamusancinka a matakin A2 yake, asibitocin Jamus kuwa matakin B2 suke so. Ka ƙara shekara guda kana sauraro."

Ba shekarar ce ta tsorata ni ba. Tun ranar, duk marar lafiyar da na tsaya a kansa a asibitinmu na Kabo, tsohuwar nan nake gani tana roƙona, ina ce mata to.

Waɗanda kuka haye B2, don Allah, yaushe kunnenku ya buɗe?