Sambo Mai Aza Harsashi

A Karaye in ka tambayi gidan Sambo Magini ba wanda zai sha wahalar kwatance. Za a ce ka bi hanyar gonakin albasa har inda ƙasa ta ƙare, gidan da ke leƙen rami shi ne nasa. Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da izinin faɗa a fili abin da wasu ke faɗa a bayan idonsa. Kuma zan faɗa, domin har yau abin yana ci min rai.

Ramin nan kwazazzabo ne da ruwan damina ya haƙa a bayan unguwarmu. Muna yara da ƙafa muke tsallake shi. Shekarar da Sambo ya auri Bushira, daga katangarsa zuwa bakin ramin taku arba'in ne cif, shi da kansa ya auna. Kowace damina ramin ya gutsuri rabonsa ya koma ya kwanta. Maganinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, kwalbati ɗaya da 'yar katangar dutse da za ta tare ƙasa. Kowa ya san haka, har 'yan takara, shi ya sa ba a taɓa yin zaɓe ba sai an zo an aza harsashin aikin.

To, aza harsashi sai da magini, kuma Sambo ne magininmu. Mai ɗauko shi wani ne Ɗayyabu, mai shirya wa 'yan takara taro. Ɗayyabu bai taɓa faɗuwa zaɓe ba, domin duk wanda ya ci, washegari za ka gan shi da hular jam'iyyarsa.

Karon farko Sambo ya yi aikin tsakani da Allah. Ya kwaɓa siminti mai kyau, ɗan takarar kansila ya ɗora bulo, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka watse. Bulon ya zauna daram shekara uku shi kaɗai, awaki na soshe-soshe a jikinsa. Da wani zaɓen ya zagayo, sabon ɗan takara ya rantse ba zai ɗora nasa a kan na abokin hamayya ba, sai da Sambo ya yini da guduma yana fasa aikin hannunsa. A nan ne basira ta zo masa. Ya ƙirƙiro abin da ya sa wa suna kwaɓin cirewa: cokalin magini ɗaya na siminti a cikin kwanon sarki cike da yashi. A hoto ba ka bambanta shi da na gaske. Da safe kuwa ƙafa ɗaya za ka sa masa ya tuge. Sai Sambo ya saɓo bulonsa ya kai gida, ya sake shafa masa farin fenti, ya jingine sai mai zuwa. Sauran simintin da aka kawo kuwa ya zama nasa, ba mai tambaya.

Kasuwa ta buɗe. Masu neman kansila, masu neman ciyaman, masu neman majalisa, har waɗanda ko matansu ba za su zaɓe su ba, kowa sai ya zo ya aza. A shekarar zaɓe mai albarka bulon nan ya hau bakin ramin sau bakwai. Sambo ya ɗinka babbar riga ta musamman don aikin. In ka ce masa Magini sai ya gyara maka, wai Injiniya. Da simintin da yake tarawa ya riƙa buga bulo kaɗan-kaɗan, har ya tayar da ɗaki ciki da falo, ya yi masa filasta sumul, mu muka sa masa suna ɗakin kansiloli. Ka tambaye ni ina ya gina shi. A bayan gida, wajen ramin, wai can ne ke da fili da iska.

Na ce masa, "Taubashi, kai hwa da ramin ga kuna cin tuwo kwano guda." Ya yi dariya ya ce ni manomin albasa mi na sani ga gini.

Ramin dai bai halarci taro ko ɗaya ba, aikinsa kawai yake yi. Taku arba'in ya koma ashirin da biyar, ya tafi da bishiyar mangwaro. Ya koma sha ɗaya, ya tafi da rudun da Bushira ke ajiye albasarta. Bara ya kwashe makewayi, da kyar aka tsamo buta. Da Sambo ya sake aunawa, taku huɗu ya rage tsakanin ramin da bangon ɗakin kansiloli. Bushira mace ce mai haƙuri, amma ranar ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, shekara goma sha shida kana aza harsashi. Yaushe za a aza na biyu bisa nai?" Na ga tsoro a idon taubashina, abin da ban taɓa gani ba, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Ana haka zaɓen ƙananan hukumomi ya matso. Ɗayyabu ya zo da albishir cewa Sirajo, mai neman ciyaman, zai zo ran Alhamis, kuma shi ba irin na baya ba ne, siminti buhu ashirin zai kawo. Sambo ya tuɓe babbar riga. Kwana uku yana haƙa ramin harsashi na gaskiya a gindin bangonsa, ya ja igiya, ya tara duwatsu, ya roƙi mai amalanke ya kawo masa yashi daga fadama.

Alhamis ta yi. 'Yan kabu-kabu suka shigo da hon da ƙura, ga motar siminti a baya, aka sauke buhu ashirin aka jera su inda hoto zai kama. Sambo ya farke buhu ɗaya ya yi kwaɓi irin na ranar farko, mai kauri, mai sheƙi. Sirajo ya yi jawabi, ya ce ramin nan tun yana yaro yake hana shi barci, alhali a Jega ya tashi. Ya karɓi cokali, ya ɗora farin bulo, muka tafa. Ni ma na tafa, kada in yi muku ƙarya, da taliya da sabuluna a hammata.

Sai Sambo ya ɗauko wani bulon ya miƙa masa. "Ranka shi daɗe, ga na biyu."

Wuri ya ɗauki dariya, an zaci barkwanci ne. Sirajo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba akwai ban dariya. Ai harsashi guda akan aza." Ya miƙa cokali, ya goge hannu, ya shige mota. Kafin Sambo ya ajiye bulon, sai ya ga ana mayar da buhunan cikin mota. Har wanda aka farke aka ɗaure masa baki aka jefa.

Ya kamo rigar Ɗayyabu. "Ina za ku kai min siminti?"

"Baba Sambo, Kuberi za mu, akwai harsashin asibiti ƙarhe huɗu. Aro munka yi ga wani mai shago, gobe za a maishe mai abinai. Kuma tsakani da Allah, ba kai kan nuna muna cokali guda ya isa ba?"

Na so in kwaɗa wa Ɗayyabu mari, amma na rasa inda ya yi ƙarya.

Aka yi zaɓe, aka faɗi sakamako tun tawada ba ta bushe a yatsunmu ba, Sirajo ya ci. Ramin harsashin da Sambo ya haƙa ya zauna buɗe, ba abin da za a zuba masa. Wata Talata cikin Agusta, bayan La'asar, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya samu hanya haƙaƙƙiya, miƙaƙƙiya, an ja mata igiya, ya bi ta gindin bango. Allah ya sa kowa na zaure. Muna tsaye muna kallo ɗakin kansiloli ya durƙusa, ya sunkuya, ya gangara. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Simintin da aka kawo don ramin, bayan shekara goma sha shida, ya isa inda aka aiko shi.

Kwana uku da faruwar abin sai ga Ɗayyabu ya zo jaje. Ya tafa hannu, ya yi salati, ya ce Ciyaman ya ji zafin abin ƙwarai, kuma ran Alhamis zai zo da kansa ya aza harsashin gagarumin aikin hana zaizayar ƙasa. Sannan ya waiga ya ce, "Ina hwarin bulonmu?"

"Ruwa ya tahi da shi," in ji Sambo.

Ɗayyabu ya leƙa ɓaraguzan ɗakin. "Ai ga bulo nan birjik, Baba. A zaɓo mai kyau."

Bushira ta tashi ta shige ciki. Ni kuwa na gyara zama ina jiran in ga taubashina ya ɗauki shebur ya bi shi da gudu har Maiyama. Bai yi ba.

Ran Laraba na same shi tsugune a bakin ramin. Ya tsamo bulo ɗaya daga rusasshen bangon ɗakin kansiloli, wanda shi ne ɗakin kwanansu, ya kankare filastar, yana shafa masa farin fenti a hankali, har lungu-lungu. Raina ya ɓaci, na ce, "Sambo, ba ka da zuciya? Bayan duk abin ga?"

Bai ɗago kai ba. Ya tsoma buroshi a gwangwani ya ce, "Sun ce wanga karon za su bar min buhu guda. Bushira ba ta da wurin kwana."