Kwalbar Jino a Rugar Kawu

Tanut

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka bar Tanut a wata tsohuwar motar shiga yashi, katkat. Ni ne direba, ni ne tafinta. Fasinjana Jino ne, dattijon likitan dabbobi ɗan Italiya da ya taɓa aiki a nan yankinmu na Damargu, ya dawo gaida tsohon amininsa, kawuna Alhaji Bube, a rugarsa kusa da Tenhiya.

A shingen jandarma aka buɗe kaya, sai ga doguwar kwalba naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Jandarman ya dube ni ya yi murmushi. Nan na gane farar giya na ɗauko, kuma tsarabar Kawu ce. Kawu ne limamin rugar, kuma gobe za a ce ɗan ƙanwarsa ya kai masa giya har gida.

Hanya

Awa huɗu muna fama da yashi, Jino yana yi mini karatu. Sunan giyar Berdikiyo, daga tuddan gabashin ƙasarsu masu kallon teku. Wai da kifi ake shanta, ko da cuku, kuma sai da sanyi. Na ce kifi a Damargu sai na gwangwani. Duk rabin awa sai mun tsaya ya jiƙa buhun da ruwan shanmu, ni kuwa maƙogwaro kamar an zuba toka. Ina tuƙi ina shirya ƙarya: zan ce wa Kawu maganin raƙuma ne.

Tenhiya

Ƙarfe goma muka ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, muka ƙarasa rugar da hantsi ya yi zafi. Aka rungumi juna, aka kawo fura da shayi. Jino ya miƙa kwalbar da hannu biyu, ya ce in fassara: daga gonar inabin mahaifinsa take, girbin ƙarshe kafin tsohon ya rasu, kuma biyu kaɗai suka rage.

Ƙaryar ta maƙale mini. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, giya ce." Sannan na faɗi sauran yadda ya faɗa.

Kawu ya tambayi yadda gonar take, ko akwai rijiya, wa ke nomanta yanzu, da me ake shan giyar. Sai ya karɓa.

"Gaya masa na karɓa, ta zama tawa. Ni ba na sha. To na ba baƙona, ya je bayan waccan aduwar ya sha gumin ubansa. A kai masa cukunmu, tunda ya ce da shi take tafiya."

Jino ya daɗe ƙarƙashin aduwar. Ya dawo ido jawur, ya ce giyar ta yi ɗumi, amma bai taɓa cin cukun da ya dace da ita haka ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Komawa

Da la'asar, za mu tashi, Kawu ya ja ni gefe.

"Ɗan nan, shekara bakwai ina kai raƙuma Agadas, na san wannan kwalba tun daga nesa. Jira nake in ji da wane suna za ka kira ta."

Muka iso Tanut bayan isha'i lafiya. Na gode wa Allah da ya tsare hanya, ya kuma tsare mini bakina a gaban Kawu.