Uwar Kwalabe da Gemun Dakta

Kafin kowa ya iso, ita ta riga ta kunna tandar busar da kwalaben gwaji. Hasken safiya yana ratso tagar ɗakin gwaji ya kwanta a kan kwalabe, ita kuma tana jera su a hankali, kowace da murfinta, kamar mai shirya yara zuwa makaranta. Ta goge tebur, ta sauya safar hannu, ta sake gogewa. Ba ta magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba. Ko gaisuwa ce, sai ta rufe sannan ta amsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan, mu kuwa Uwar Kwalabe muke kiran ta.

Aikinmu bincike ne a kan RNA, wani siririn zare mai ɗauke da saƙo a cikin ƙwayar halitta da ƙwayar cuta, da kuma sinadaran da ke yanka shi kamar almakashi. Abin da ke ba mu wahala shi ne, irin wannan almakashi yana nan a gumi, a yawu, a fatar kowa. Da ya faɗa cikin gwaji sai ya datse zaren, kai kuma ka zaci ka gano wani abu.

Ni ne na zata. Wata bakwai ina ganin zaren ƙwayar cuta yana tsinkewa a gwajina, har na shiga mafarki ido biyu: ga ni gaban taron masana, ga magani ya samu, ga marasa lafiya suna naɗe tabarminsu suna komawa gida. Ɗalibai huɗu sun ɗora digirinsu a kan wannan sakamakon. Saura mako guda in aika shi duniya ta gani, sai ta jira kowa ya fita, ta tsaya a bayana.

"Dakta, in yi magana?"

"Bismillah, Inna."

"In tunani ya ɗauke ka, gemu kake shafawa, da safar a hannunka. Jiya sau tara na gani."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. "Inna, ina ruwanki da gemuna?"

"Babu, maigidana ma yana da nasa. Amma rufe shi da takunkumi ka sake gwajin. In bai canja ba, ka ce tsohuwa ta ruɗe."

Na sake. Zaren ko gezau bai yi ba. Ashe wata bakwai gemuna nake bincike! Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Shekara biyu muka ƙara kafin a samu sakamako na gaskiya, ita kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Ke ce mai gani ba ki tona ba, Inna. Sunaye bakwai ne a kan takardar da muka wallafa, babu naki, alhali ke kika tsare mata mutunci. Yau da kike ajiye aiki, na gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku koyi irin nata: ku duba da kyau, ku faɗi gaskiya a keɓe.

Ɗaliban nan huɗu duk sun zama daktoci, kuma har yanzu ni suke yi wa godiya. To ku huɗun nan, yau kun ji. Ku tashi ku je gidanta.