Na Kai wa Mutanen Pakistan Salla Har Gida

Haɗeja zuwa Kano

Ranar ashirin da huɗu ga watan azumi, zamanin farar hula na biyu, na bar Haɗeja bayan sahur, ƙarfe biyar saura kwata. Baba ne ya aike ni Amurka in dubo ƙanena Sabi'u, mai karatun noma a Greensboro. Lokacin ina fataucin fata, ilimina aji bakwai ne, amma kaina ya fi na alƙali girma. 'Yan sandan kwanar Gumel suka tsare mu, na zaro fasfo ba wanda ya tambaye ni. Direba ya ce, "Alhaji, taya suke dubawa."

Kano zuwa Greensboro

Jirgi ya tashi sha ɗaya na dare, muka sauka London da hantsi, na sake wani zuwa New York. Jami'in kwastan ya shinshina kilishin da Inna ta ba ni ya jefa a kwandon shara. Daga nan bas, awa goma sha uku, mil ɗari biyar da wani abu. Ban ajiye azumi ba duk da sassaucin matafiyi, don kawai in samu abin faɗi.

Sabi'u ya tarye ni da tsohuwar mota. Muka bi ta High Point Road, ba komai sai filin sayar da motoci da gidajen cin abinci, ba mutum ɗaya a ƙasa da za ka yi wa sallama.

"Yaya, a gidan wani mutumin Pakistan nake zaune, Malam Rashid. Shekara biyu ke nan, tamkar ɗa suka riƙe ni. Kwana shida za ka yi. Don Allah ka riƙe bakinka."

"Ni za ka koya wa zama da mutane?"

McLeansville

Gidan yana mil goma gabas da gari, cikin gonakin taba. Malam Rashid injiniya ne a masaƙa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Ammi, ba Turanci ba Hausa. Aka yi buɗa-baki kusan tara saura, da 'ya'yan itace an barbaɗe su da yaji. Na ce wa Sabi'u ko akuya sai ta yi shawara. Na cinye kwano biyu.

Bayan isha Ammi ta nuna taga ta ce, "Rat," ta haɗa yatsu biyu. Sabi'u ya ce dare ke nan da Urdu, tana nufin gajere ne, in je in kwanta. Malam Rashid ya ƙara da cewa kalmar ɗaya ce a bakin mutanen Hindi da Punjabi. Babban darensu kuwa shi ne cand rat, daren ganin wata: mata su sa lalle, a kwana ana dafa taliya da madara, a yafi juna. Bana a gidansa za a yi, iyali takwas za su zo.

Na ce, "Wa ke ganar muku watan?"

"Muna fita bayan gida mu duba. In an gani a wani gari na ƙasar nan, a bugo mana."

Na yi dariya. Mutanen da ba su da sarki, wai su ne da wata.

Ashirin da tara ga wata

Ƙarfe huɗu na yamma na sa Sabi'u ya buga Kano da wayar masu gida. Sai da ya yi awa guda kafin ta shiga. Wani abokin cinikina a can ya ce an ga wata, gari ya ruɗe. Na fito tsakar gida, rana na nan tana dukana, na shelanta gobe Salla. Da magariba Malam Rashid ya duba sama, gajimare. Ba wanda ya bugo. Ya ce za su cika talatin.

Da safe na ja Sabi'u bakin gona na yi mana idi, ni liman, shi kaɗai mamu. Na dawo na dafa shayi na zauna a teburinsu ina kurɓa da ƙarfi. Ammi tana gefe tana jan carbi.

"Faɗa mata Shaiɗan ne ke azumi ranar Salla."

"Yaya, ba zan faɗa ba."

Sai na faɗa da Turancina na kasuwa, don ɗanta ya ji. Ya ji. Ya ce, "Uwata shekara sittin tana azumi." Na kuma hana Sabi'u zama a cand rat ɗinsu, na ce ɗan gidanmu ba ya Salla biyu. Daren nan da baƙi suka fara isowa muna ɗaki, ƙofa a rufe. Ammi ta ƙwanƙwasa sau biyu, tana kiran sunansa. Ya tashi, na ce zauna. Ya zauna.

Komawa

Kwana biyu bayan haka, ƙarfe shida na safe, Sabi'u ya kai ni tasha. A bayan mota na ga akwatunansa tare da nawa.

"Korar ka suka yi?"

"Ba su iya kora ba. Ni ne ba ni da idon kallonsu."

Ya kama ɗaki a gabashin gari, shi kaɗai, ya yi sauran shekara biyun a can. Na iso Haɗeja ranar Talata da la'asar, na gaya wa Baba na raba yaro da 'yan bidi'a, ya sa mini albarka. Sai bayan shekaru wani malami ya ce mini baƙo watan garin da ya sauka yake bi, ko ɗan aji biyu ya san wannan.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Malam Rashid da Ammi kuwa, da suka ciyar da ni kwana shida, ban yi musu godiya ba ranar da na fita. Ga ta nan yanzu. Na roƙi Sabi'u adireshinsu sau uku, kullum sai ya ce, "Yaya, me kuma za ka kai musu?"