Kukun Jirgin Auta

Tsohon Kwandasta mutum ne da Allah ya hore wa murya, shi kuma bai taɓa yin rowarta ba. Shekara da shekaru ya yi a rataye a ƙofar bas, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗayan yana dukan jikin mota, kuma ba a yi fasinjan da zai sauka ba tare da Kwandasta ya san abin da ke damun gwiwar surukarsa ba. Tambayarsa guda ce ga kowa, yaro da babba, har da ɗan sandan da ya tsare su a hanya: "Ka ci abinci kuwa?"

Da gwiwarsa ta ce ta gaji, sai ya ajiye aiki ya dawo ɗakinsa mai taga ɗaya da ke kallon titi. Daga shi sai rediyo, sai kujerar da matarsa ta rasu ta bari. 'Yarsa guda ce tal, ana ce mata Auta duk da ba ta da yayye, tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Wayarta ita ce ta fi komai ci masa rai, don bai gama gyara zama ba ta ce, "Lafiya lau, Baba, ina wurin aiki, zan kira ka." Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, ga shi bai san yadda uba ke faɗin haka ba.

Mijin Auta ne ya yi subul da baka wata rana, ya ce ai kullum da yamma tana teku.

"Wane teku? Yarinyar da ko kwata ba ta iya tsallakewa?"

Sai surukin ya yi masa bayani. Wasa ne a intanet, inda mutane daga wurare daban-daban suke taruwa suna rubuta labari guda tare, kowa da matsayin da ya ɗauka. Labarin na wani jirgin ruwa ne, Auta ce Kyaftin, kuma ita ce mai kula da dandalin, mai shigarwa da kora. Kwandasta bai ji sauran bayanin ba. Abin da ya ji kawai shi ne akwai inda 'yarsa take zama kullum ta yi magana mai tsawo.

Washegari ya sauka wurin mai gyaran waya da ke ƙasan benensu, ya ce a saka shi.

"Me kake so ka zama, Baba? Akwai jarumi, akwai matuƙi, akwai ɗan fashi."

"Wa ke dafa musu abinci?"

Mai gyaran waya ya duba. "Babu kowa."

"To ka ga matsalar," in ji Kwandasta. Ranar aka yi wa jirgin kuku.

Da Auta ta gane wane ne sabon kukun, ta kira shi, kuma rabon da ta daɗe haka a waya har ya manta. Ta ce, "Baba, ka saurara da kyau. Ɗaki biyu ne. Akwai Cikin Jirgi, a nan ni Kyaftin ce, kai Kuku ne, ba 'ya ba uba. Akwai kuma Bayan Labule, can ake maganar duniya, gaisuwa, uzuri, komai. Wanda ya kawo maganar duniya Cikin Jirgi ya ɓata wa kowa wasa. Gargaɗi biyu nake yi, na uku kora. Ko mijina ban ƙyale ba."

"Na ji, na ji," ya ce, bakinsa har kunne.

Bai ji ba. A makon farko aka yi guguwa a labarin, jirgi yana tangal-tangal, Kyaftin tana tsaye tana ba da umarni, kowa ya nutsa cikin abin. Sai ga rubutun Kuku, wanda ya sha wahalar buga shi da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci: "Auta, kin ci abinci kuwa? Yaya ciwon bayan nan?" Can Bayan Labule kuwa dariya ta ɓarke, har wani ya ce wayarsa ta faɗa cikin shayi. Gargaɗi na farko ke nan.

Na biyu kuwa shugaban 'yan fashi ne ya jawo masa. Mutumin a zahiri malamin lissafi ne, ya taɓa ambata a Bayan Labule cewa mahaifiyarsa ba ta jin daɗi. To ana tsakiyar kaɗa takubba, ya ɗora wa Kuku wuƙa a wuya yana tambayar inda aka ɓoye zinariya, sai Kuku ya amsa: "Af, Malam, yaya jikin Mama? Hawan jinin ya sauka?"

Da yammar nan Auta ta turo masa saƙo shi kaɗai: "Baba, don Allah. Saura ɗaya. In ka sake sai na cire ka, ba yadda zan yi."

Nan fa ya zauna yana lissafi. In aka kore shi, ya koma ga rediyo da "zan kira ka". Bayan Labule kuma ba ya biya masa buƙata, don Auta ba ta zama a can sai in za ta liƙa sanarwa, in ya tambaye ta wani abu hoton babban yatsa take turo masa. A Cikin Jirgi ne take sakewa, ta yi barkwanci, ta yi tsiwa irin wadda ya sani tun tana 'yar mitsitsiya. Don haka mutumin da duk tasha ta kasa rufe wa baki ya kama bakinsa da kansa.

Sai dai Kwandasta ba a rasa shi da dabara. Kullum Kuku zai hau saman jirgi da kwano, ko ana wuta ko ana ambaliya, ya rubuta: "Kuku ya ajiye miyar kifi a gaban Kyaftin, ya tsaya yana jira." Ita kuma ta rubuta: "Kyaftin ta shanye tas, ta ce ya yi gishiri." Sai ya tafa shi kaɗai a ɗaki. Yayarsa, wadda take kawo masa abinci da rana, ta ce, "Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona, kai ne kuku?" Ya ce, "Yaya, a teku ban taɓa ƙona komai ba." Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: wa ya sha miyar, Kyaftin ko Auta?

Ana nan sai wata yamma Kyaftin ta ture kwanon. "Kyaftin ta toshe hanci, ta ce a fitar mata da kifin nan, warinsa yana tayar mata da zuciya." Washegari haka. Rana ta uku ma haka. 'Yan jirgi suka ɗauka sabon salo ne na labari, har wani ya fara zargin an zuba guba. Kwandasta kuwa ya cire tabarau, ya dubi kujerar matarsa ya daɗe. Mace ɗaya ya taɓa sani da warin kifi ya kora daga ɗaki, kuma ya san abin da ya biyo baya: Auta.

"Yaya! Yaya!" Ya tare ta tun daga matakala. Ta saurara, ta ajiye kwanuka, ta ce, "To ka tambaye ta mana."

"A ina? Cikin Jirgi kora ce. Bayan Labule mutum arba'in ne. A waya kuma, ni da bakina in tambayi 'yata wannan? Ke ma kin san ba zan iya ba."

Sai ya yi abin da kuku zai iya. Ya rubuta cewa Kuku ya kawo lemon tsami a yanke. Amsa ta zo nan take: "Kyaftin ta tsotse duka, ta ce a ƙaro." Tsoho ya miƙe, ya manta da gwiwa, ya zagaya tebur yana dukan bango kamar jikin bas yana ihun "A tafi! A tafi!" har mai gyaran waya ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Ranar babban yaƙi ta zo, wanda aka daɗe ana shiryawa. 'Yan fashi suka hau jirgi, Kyaftin ta zare takobi za ta yi tsalle daga saman sandar tuta ta dira a kansu. Kwandasta ya ga wannan tsallen, zuciyarsa ta ce a'a. Ya rubuta "Auta", ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Sannan a hankali ya buga:

"Kuku ya riƙe hannun Kyaftin, ya karɓe takobin. Ya ce daga yau Kyaftin ba ta tsalle, ba ta ɗaukar abu mai nauyi. Ya jawo mata kujera."

Ya tura, ya karanta, ya sake karantawa. Bai ce Auta ba. Bai ce 'yata ba. Amma wane kuku ne ke ƙwace takobin kyaftin a tsakiyar yaƙi? Alamar cewa Kyaftin tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Yaya, wadda ranar ta tsaya kallon yaƙin, ta dafa kafaɗarsa. Shi kam ya riga ya fara ban kwana da teku a ransa.

Sai ga shi, a Cikin Jirgi, a gaban kowa: "Baba!! Wa ya gaya maka? Ko mijina sai jiya ya sani!"

Wayyo, ranar an ga rububi. Duk jirgin ya kwashe zuwa Bayan Labule, 'yan fashi da matuƙa a cakuɗe, barka tana bin barka. Malamin lissafi ya rubuta, "Ina taya murna, amma doka doka ce fa." Jim kaɗan sanarwa ta fito daga mai kula da dandali: "Gargaɗi na farko ga Kyaftin." Kwandasta ya yi dariya har ya zame daga kujera, Yaya tana guɗa tana share ido da gefen mayafi.

Sai wayar ta yi ƙara a hannunsa. Auta ce, tana dariya tana kuka a haɗe. Yana da magana cike da ciki, ta mahaifiyarta, ta kifi, ta kewar da ya kasa faɗa. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kin ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba tukuna, Baba," ta ce. "Kada ka kashe. Ka tsaya a kan layi har in gama."

Ya jawo kujerar matarsa kusa da taga, ya zauna sosai, ya ce ta ci a hankali, babu inda za shi.