Mangwaron da Ya Tare Ruwan Sama

Shekara ashirin da ɗaya Baba Mai Awo ya yi yana auna ruwan sama, bai taɓa tsallake rana ba. Asalin aikinsa gadin makarantar firamare ne. Wata shekara mutanen jami'a suka zo suka kafa ma'auni a bayan ajujuwa: gwangwani a kan ƙarfe, da mazurari a bakinsa, da kwalba mai zane-zane a ciki. Suka nemi wanda zai riƙa dubawa, hedimasta ya nuna mai gadi, tunda ya iya rubuta lamba kuma ba ya zuwa ko'ina. Abu biyu suka gaya masa: ya duba kullum ƙarfe bakwai na safe, kuma kada ya bar komai ya yi wa gwangwanin inuwa.

Ya riƙe aikin hannu bibbiyu. Ranar auren 'yarsa ma sai da ya leƙa kwalba kafin ya sa babbar riga. Matarsa takan ce, "Malam, da ni kake dubawa haka kullum, da na yi ƙiba." Duk ƙarshen damina direban jami'a yakan zo ya karɓi littafi, ya bar sabo.

Da gwiwa ta fara damunsa, sai ya dasa ɗan mangwaro taku huɗu daga ma'aunin, don ya samu wurin hutawa. Lokacin bai kai masa ƙugu ba. Mangwaro ya ji ban ruwa ya miƙe, ya baza rassa. Baba ya fara tsince ganye daga mazurari kowace safiya. Sau biyu ya ɗauko adda, sai ya ga 'ya'ya sun fito reras, ya ce bari a wuce bana.

Wata Talata mota ta tsaya a ƙofar makaranta, wata mata mai tabarau ta fito da ambulan. Ita ce Daktar da littattafansa ke zuwa hannunta, ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta gaishe shi har da russunawa.

"Baba, godiya na zo yi. Da lambobinka na rubuta bincike, an buga shi. Sun nuna shekara tara ke nan ruwa na raguwa a yankin nan, har ana shirin ba manoma shawara su canza iri."

Daɗi ya cika shi. Ya ɗauko benci ya ajiye mata a inuwa, ya tsinko mangwaro uku ya wanke. Tana cikin ɓarewa wani ganye ya faɗo cikin mazurari. Ta ɗaga kai ta bi reshen da kallo, ta sauke ido kan gwangwanin. Ta ajiye mangwaron a gefen benci.

"Baba, yaushe bishiyar nan ta rufe wurin?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana iya cewa bai sani ba, amma bakinsa ya ƙi.

"Za a yi shekara tara, Dakta. Ni na dasa. An kuma gaya mini tun farko, ban manta ba."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa da gefen mayafi.

"Da laifina a ciki," ta ce. "Na yi shekaru ina lissafi a ofis, ban zo na ga wurin da idona ba."

"A'a. Ke takarda kika gani. Ni ne nake tsince ganyen."

Ya ce zai sare bishiyar yanzu, a kuma nemi wani mai awo. Ta hana duka biyun. Suka tuge ƙarfen tare da direba, suka kai shi sarari a filin ƙwallo, ta gefen da yara ba sa bi. Ta ce littattafan shekara goma sha biyu na farko lafiya lau suke, tara na baya ne za a yi watsi da su. Baba ya ƙirga su a yatsa, ya tuna safiyoyin da ya fita cikin ruwa da ciwon gwiwa.

Kwana uku bai zauna majalisa ba. Matarsa ta ajiye tsokana, ta riƙa tura masa abinci kawai.

Bayan wata biyu direba ya kawo takardar gyaran da Dakta ta buga, ta janye maganar raguwar ruwa. 'Yarsa ta karanta tana fassara masa. An rubuta cewa kuskuren daga wurin da ma'aunin yake ne, kuma marubuciya ta ɗauki alhakin rashin dubawa.

"Ba ta ambaci mai gadi ba?"

"Ko kusa, Baba."

"Sake dubawa."

Ta sake bi layi-layi, babu. Ya karɓi takardar ya ninke, ya sunkuyar da kai.

"Ta rufa mini asiri," ya ce, "ita kuma ta tsaya a gaban mutane ita kaɗai."