Shekarar da Baba Ya Daina Ganin Rubutu

Ranar Lahadin Dabino ce, a shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba ya tsaya cak a tsakiyar karatun Linjila. Muna cikin ƙaramin cocinmu na Agege, a sujadar Hausa da ake yi da rana tsaka bayan masu Yarabanci da masu Turanci sun watse. Zafi na saukowa daga kwanon rufi, fanka ɗaya ce ke juyawa, kowa na riƙe da ganyen kwakwar manja, don a Legas shi ne dabinonmu. Karatun ranar ya fi na kowace Lahadi tsawo, labarin shan wahalar Yesu ne tun daga jibin ƙarshe har kabari. Baba ya kawo inda almajirai suka yi barci a lambu, sai muryarsa ta ɗauke. Ya matso da littafin kusa da fuskarsa, ya sake nisanta shi. Wani jariri ya yi kuka har aka rarrashe shi, Baba bai ci gaba ba. Can ya rufe littafin, ya ɗago kai ya ce, "Jama'ar Allah, ku gafarce ni. Tun kafin Kirsimeti idona ya daina ganin rubutu. Hadda nake kawo muku, yau kuwa ta ƙwace mini." Katikis ya taso ya kama shi ya zaunar, ya ƙarasa karatun da kansa. Ni ina benci na uku cikin yara, na sunkuyar da kai ina yayyaga ganyen da ke hannuna, domin in ban da Mama, ni kaɗai na san yadda aka yi.

Iyayena daga wani ƙauye kusa da Zonkwa suka zo, ni kuwa a Agege aka haife ni. Gidan haya muke, mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, ga doguwar baranda a tsakiya cike da rishon girki da bokitai da takalman mutane. Baba yana aiki a mayankar Oko-Oba, yana sa wa fatu gishiri a wajen wani dillali, har tafin hannunsa ya yi kaushi kamar bayan ƙwarya. Mama na dama kunun zaƙi tana sayarwa a tasha. Aikina kafin makaranta shi ne wanke gorunan kunu da bin layin famfo, inda ake faɗa da Yarabanci a yi sulhu da Hausa. Da yamma mukan zana suwe da gawayi a ƙofar gida mu yi ta tsalle da ƙafa ɗaya, ko mu yi ’yar carafke da duwatsun da muke tsintowa a gefen titin jirgi. A ɗakin farko na bakin ƙofa akwai Malam Isufu, mutumin Tawa daga Nijar, mai gadin wani shagon siminti. Ba ya kiranmu da suna, ’yan lakwal yake ce mana, wato ’yan makaranta, kuma duk Sallah sai ya aiko mana da nama, Mama ta rama masa da shinkafar Kirsimeti.

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi yana karatu a sujadar Hausa, tun kafin a haife ni. A gidanmu ba da kalanda muke gane tafiyar shekara ba, da launin ƙyallen bagade muke ganewa. In aka shimfiɗa shunayya mun san ana jiran zuwan Almasihu ko an shiga azumi, fari na Kirsimeti da Ista ne, ja na Fentikos, sai kore da ke daɗewa har mu yara mu gaji da shi. Baba ya fi son koren. Yakan ce, "Ranar biki kowa almajiri ne. A sauran ranaku ake sanin wanda ke bin Yesu."

A makon farko na jiran zuwan Almasihu abin ya soma. Wata Asabar da la'asar ya dawo daga aiki, ya yi wanka, ya zauna a bencin baranda da littafinsa, ya daɗe yana juya shi. Sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Rifkatu, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, zo ki karanta mini, in ji ko kuɗin makarantarki na aiki." Na karanta ina tuntuɓe, don Turanci ake koya mana ba Hausa ba. Ya gyara mini, ya ce in sake, na sake har sau shida, shi kuma yana bi da leɓe. Washegari a coci ya hau ya buɗe littafi ya karanta tiryan-tiryan, yana bin layi da yatsa, babu wanda ya gane. Haka muka bi labarin makiyaya da mala'iku, muka bi masanan da suka zo daga gabas, muka bi baftisma a kogi da kiran masunta. Ranar Larabar Toka Mama ta matsa masa suka je asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi ɓarna, abin da ya tafi ba ya dawowa. Suka dawo da ’yar kwalbar maganin ɗigawa da tokar coci a goshinsu, Mama ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Bayan Lahadin Dabino labari ya bazu. Dillalin fatu ya ce Baba ya huta a gida, don an yi ta samun fatun da gishiri bai game ba. A makaranta wata yarinya mai suna Bose, wadda nake mutuwar son ta yi ƙawance da ni, ta tambaye ni a gaban aji ko gaskiya ne babana ya makance. Wani yaro ya rufe ido yana laluben allo, aka yi ta dariya. Ban yi kuka ba.

Ranar Juma'a Mai Kyau babu makaranta. Mama ta riga mu tafiya coci tare da zumuntar mata, ta bar mini Baba in kawo shi sujadar Hanyar Gicciye da ƙarfe uku. Yana ganin haske da inuwar mutane, amma ba ya iya tsallaka titi. Na riƙe hannunsa muka bi ta cikin kasuwa, ina gaya masa ga kwata, ga tudu, ga mai baro. Da muka iso mashigar jirgi, inda danfo da okada ke cushewa, sai na hango Bose da wasu ’yan ajinmu biyu a wajen mai gasa masara, suna kallon wajenmu. Ban yi shawara da zuciyata ba. Na zare hannuna, na ƙara sauri, na tsallaka ni kaɗai, na shige bayan wani kiyos na laɓe. Daga can ina ganinsa. Yana tsaye a inda na bar shi cikin farar rigarsa ta coci, hannun nan a miƙe kaɗan, yatsunsa a buɗe. Wani kwandasta na yi masa ihu, wani ɗan okada ya goge shi da madubi. Sau biyu na ji ya ce, "Uwata?" ba da ƙarfi ba. Ban fito ba. Sai ga Malam Isufu yana dawowa daga masallacin Juma'a da dardumarsa a kafaɗa. Ya dubi Baba, ya waiga, idonsa ya faɗa cikin nawa. Ya kama hannun Baba ya ce, "Baban Rifkatu, mu tai, ni ma can nika nufa." Ya kai shi har ƙofar coci, ni ina bin su daga nesa kamar baƙuwa.

Na jira duka a ranar, bai zo ba. Da Mama ta tambayi yadda aka yi Malam Isufu ya kawo shi, Baba ya ce cunkoso ne ya raba mu. Ista ta zo, aka shimfiɗa farin ƙyalle, mata suka buga tulu suna rawa har gaban bagade, ni kuwa ko shinkafar bikin ban ci ba. Kullum nakan shirya maganar da zan faɗa masa, in na zo gabansa sai ta narke.

Ko da yake ya daina hawa karatu, bai daina kirana ranar Asabar ba. Mako biyu bayan Ista muka kai labarin da almajirai suka koma kamun kifi, suka kwana ba su kama komai ba, da safe suka tarar Yesu ya hura wuta a bakin teku ya gasa musu kifi. Da na gama, Baba ya ce, "Kin lura, Uwata? Daren da aka kama Yesu, almajirinsa Bitrus ya ce bai san shi ba, amma da suka haɗu bai tambaye shi dalili ba. Abinci ya fara ba shi." Ya laluba gefensa ya ɗauko wata takarda da ya aiki wani ya sayo masa, soyayyen kifi ne guda ɗaya da yaji. Ya ɓare shi da yatsunsa, yana taɓa tsokar a hankali yana cire ƙaya, ya miƙo mini ɓangaren da ya fi girma. Na ci ina kuka, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Bayan Fentikos ’yan'uwansa suka ce ya dawo gida, zaman Legas ba na marar ido ba ne. Muka raka shi tasha, aka bar mu ni da Mama don in gama firamare. Koren ƙyalle na kan bagade aka aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu haɗa kayan tafiya saƙo na biyu ya iso. Ba mu tarar da shi ba.

Yanzu a Isolo nake da iyalina. An rushe gidanmu na Agege an yi shaguna, Malam Isufu ya koma ƙasarsu tuntuni, ban kuwa taɓa yi masa godiya ba. A cocin da nake zuwa ana haska karatu a bango da Turanci, kowa na bi a wayarsa, ’ya'yana kuma in na yi musu Hausa da Turancin Legas suke amsa mini. Ba na ƙorafi, zamani ne. Amma na kai shekarun da Baba ya rasu a cikinsu, na ji wa'azi iri-iri daga bakin masana, har yau ban sami wanda ya koya mini gafara kamar mutumin da bai taɓa bari na roƙe shi ita ba.